In Gwaggo Dije Ta Ce a Kalla

Ni dai Allah Ya yi ni da zargi, kuma ban taɓa roƙon Ya cire min ba. Sunana Baraka, sana'ata kitso. Matar da ta daɗe tana ɗora kawunan mata a kan cinyarta ta san abin da ke ƙarƙashin ɗankwali daban yake da wanda ake nuna wa dangin miji. Shi ya sa in na ga mutumin da kowa ya yarda da shi, sai in ƙara buɗe ido. A lungunmu, nan gindin Dala in ka shigo ta Ƙofar Mazugal, wadda kowa ya yarda da ita ita ce Gwaggo Dije, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata.

Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, sunan ne kawai ya bi ta. An kawo ta lungun amarya gidan Malam Musa mai wankin hula, mutumin da yakan wuni bai yi magana ba sai da sabulu da allon guga. Ita kuwa ta ɗan taɓa boko kafin aure, tana karatu tar. Da zamanin littattafan soyayya ya zo, ta fara saye tana tarawa a wata tsohuwar adaka, har ta kai ga ba da haya. Duk matan unguwa gidanta suke aike. Abin da ya bambanta ta da sauran masu haya shi ne ba ta ba da littafin da ba ta karanta ba, kuma ba ta ba ki wanda kika zaɓa sai ta dube ki sama da ƙasa. Budurwa da nata, mai jego da nata, wadda miji ya yi doguwar tafiya ita ma da nata. Ni kaina ina sabuwar amarya na miƙa hannu kan wani mai jan bango, ta janye shi ta ce, "Wannan ba naki ba ne tukuna, Baraka. Bari ki yaye na fari." Na ji haushi har na kwana da shi, amma da lokacin ya yi na karanta, na gane abin da take nufi.

Mazan da suka hana littafi shiga gidajensu sai suka koma cewa, "Sai dai na gidan Dije." Haka ta samu wani irin matsayi da ba wanda ya naɗa ta.

Littafi ya yi sanyi, kaset ya zo ya wuce, faifai ma haka, aka rufe adaka. Na ɗauka shi ke nan an gama da Gwaggo. Ashe tana nan. Da fina-finai masu dogon zango suka shigo waya, kowane mako da sabon kashi, mata suka rasa na bi da na bari, sai suka dawo wajenta. Aka buɗe guruf na matan lungu a waya, aka sa ta. Ba ta rubutu, saƙon murya take turowa kowace Asabar da hantsi, kuma ko wadda take tsakiyar wanki sai ta goge hannu ta saurara.

"Na masu kuɗin nan kada ku ɓata cajinku, ba abin da ake yi sai shiga mota da fita daga mota. Na likitan ku kalla, amma ku kori yara, bakin matarsa ba linzami. Wancan na waje da aka fassara kuwa, mai fassarar ya fi 'yan wasan surutu, in kuna da ciwon kai ku haƙura."

A bayan muryarta kana jin lungunmu gaba ɗaya: ƙarar injin markaɗe, jarkokin 'yan garuwa suna karo a kura, da tunkiyarta mai kuka kamar an zalunce ta. 'Yan'uwanmu da aure ya kai nesa sukan ce ko don wannan hayaniyar suna jiran Asabar. In Gwaggo ta ce a kalla, ana kallo. In ta ce a bari, har magidanta sukan duba wayar matansu su tabbatar an bari.

Akwai wata magana da ke rataye a kan gidan nan, kuma kowa a lungu ya san ta. Da Malam Musa ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna ɗakunansu a wasu garuruwa, sai ɗanta na fari, Abdulhakeem, ma'aikacin ofis da ya yi gini can bayan ganuwa, ya ce ba zai bar ta ita kaɗai ba. Ranar sadakar arba'in ya tayar da zancen a gaban dangi. Ina wurin, ni ke rabon gumba. Gwaggo ba ta dube shi ba, don ɗan fari ne: ba ta kallon fuskarsa, ba ta kama sunansa, "na waje" take ce masa. Bango ta fuskanta ta ce, "Nan aka kawo ni, nan na binne cibiyar 'ya'yana. Ranar da na kasa ganin gabana ya zo ya ɗauke ni, ba zan yi musu ba. Kafin ranar kada a sake tayar min da zancen." Dattawa suka ce an yi adalci, aka shafa fatiha a kai.

Tun daga nan duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya zo. Ya zauna a gefen tabarma, ya gaishe ta, ya yi ta bin gidan da ido, ya dubi katanga, ya dubi rufi. Ni na fassara wannan kallon da kaina. Gida a gindin Dala, da rijiya mai ruwa ko da rani, da soro mai faɗi, na ce mutumin nan awo yake yi, dillali na jiransa a waje.

To, ana nan sai aka ji za a mayar da wani tsohon littafi fim, Makullin Soro. Duk wadda ta taɓa haya a gidan Gwaggo ta san ba littafin da take so kamarsa, har bangonsa ta ɗinke da zare. Labarin wasu marayu ne da ubansu ya mutu ya bar dukiyarsu a kulle a ɗakin soro, makulli ya ɓata, gari duk ya ɗora wa kawun yaran laifin. A littafin Kawu mutumin kirki ne, sai a ƙarshe ake gane an zalunce shi. Tun kafin fim ɗin ya fito Gwaggo take shela, da ya fito kuwa ta ce, "Wannan ku kalla da mazanku da 'ya'yanku, ni na tsaya masa." Lungu ya ɗauka. Har mai shayin bakin titi yana kunnawa.

Ana tsakiyar zango aka saki wani kashi. A ƙarshensa ba wanda ya yi magana, sarewa kawai ke tashi. Aka nuno Kawu ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya ɗaga gefen shimfiɗa, ya zaro makullin, ya jefa a aljihun 'yar shara, ya yi wani murmushi da ya sa na tofar da yawu. Masu fim sun juya labarin, sun mai da shi ɓarawo. Wanda duk ya kalla ya gani.

Ranar Asabar saƙon Gwaggo ya shigo. "Ku ji tsoron Allah ku daina zagin Kawu. Ai kun ga yadda ya shiga ɗaki shi kaɗai yana zubar da hawaye a ƙarshen nan. Mutumin da ya ci amana ba ya irin wannan kukan. Ku zuba ido kawai."

Lungu ya ɓarke da surutu. Ba wadda ta iya fuskantarta, amma a tsakar gidana, inda ake layin kitso, ba a bar komai ba. Wata ta ce masu fim sun saye ta, so suke a yi ta gardama kallo ya ƙaru. Wata ta ce ai dama ba ta kallo, ba ta labari ake yi tana maimaitawa. Wata ta rage murya ta ce tsufa ne ya fara taɓa kai. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne waɗanda suka fi zaƙewa su ne waɗanda suka fi cin arziƙin adakarta.

Ni ban sa baki ba, don na riga na daɗe ina tara nawa. Gwaggo ta daina zuwa biki da suna, ita da ba a ɗaura ɗankwali a lungu ba da ita ba. Ta daina taya mata zaɓen atamfa. Wata rana na shiga na ɗauke buta daga inda take na ajiye gefe, ta yi min faɗan da ko 'yarta ba ta yi wa. Sannan ga Ado. Ado shi ke da shagon tura fina-finai a waya kusa da ƙofa, magidanci ne mai ji da kansa, wanda ko matar mai unguwa ce ta aika sai ɗan aikenta ya bi layi. Amma duk ranar da sabon kashi ya fito sai in ga ya rufe shago da kansa, ya zo soron Gwaggo, ya karɓi wayarta, ya yi 'yan danne-danne ya mayar. Na haɗa wannan da wancan, na ce lallai akwai wata ƙullalliya tsakaninsu. Shi ne mai cin riba in aka yi rububin fim, shi ne zai sa mata magana a baki.

Na yafa mayafi na tafi. Shagon nasa faɗinsa bai fi na kabad ba, wayoyi sun sarƙe kamar taliya, shi kuma yana bayan kwamfuta.

"Anti Baraka, yau da kanki? Me za a tura?"

"Ba turi ya kawo ni ba. Me kake ba Gwaggo Dije?"

Ya dube ni, ya mayar da ido kan kwamfuta. "Abin da nake ba kowa."

"Kowa kake kai wa har soro?"

"Tsohuwa ce, Anti. Lada nake nema."

"Kai Ado, tun kana yawo ba wando na san ka. Ladan da kake nema bai taɓa hana ka buɗe shago ba. Wa ya ce ta wanke Kawu?"

Sai na ga fuskarsa ta canza, ba irin ta wanda aka kama ba, irin ta wanda aka taka masa ciwo. Ya ce, "Wallahi da na san haka ƙarshen kashin yake da na gaya mata. Ban kalla ba kafin in kai." Kamar ya ga ya yi suɓul da baka, sai ya ce layi na jiransa. Ba kowa a layin.

Na dawo gida zargina ya ninku. Me zai gaya mata? Ita da ke kallo, me take buƙata a gaya mata? Na ce ba zan huta ba sai na kama su. Dama kitsonta ya tsufa, kuma ni nake yi mata tun ba yau ba. Washegari da la'asar na ɗauki kibiya da man kitso na shiga.

Tun ina soro ta ce, "Baraka ce? Shigo." Tana zaune a inuwar ɗakinta, wayar na kan cinya. Na tsefe mata kai, na taje, na ɗora shi a gwiwata na fara tsaga. Sai na ce, kamar abin bai dame ni ba, "Gwaggo, ni fa ban ga ƙarshen kashin nan da kyau ba, cajina ya ƙare. Kunna mana mu gani tare."

Ta ɗaga wayar daga cinyarta. Sannan ta lalubi gefen wayar da babban yatsa, ta danna wuri ɗaya, fim ya tashi. Daga sama nake, ina ganin gilashin wayar sarai. Ba komai a cikinta sai wannan fim ɗin, Ado ya share sauran ya bar mata maɓalli ɗaya ƙato. Muka bi kashin tun daga farko. Duk wanda ya buɗe baki sai ta faɗi sunansa kafin ya gama kalma, ta yi tsaki inda ya kamata, ta yi dariya inda ya kamata. Har na fara jin kunyar kaina. Sai magana ta ɗauke, sarewa ta tashi.

"Kin gani ko," in ji Gwaggo a hankali. "Nan ne yake kukan. Bawan Allah."

A cikin wayar Kawu yana jefa makulli a aljihu yana murmushi. Na leƙa fuskarta. Idanunta a buɗe suke, amma ba kan wayar suke ba, sun ɗan zarce ta, suna kan bakin rijiya. Kunnenta ne ke wajen fim ɗin.

Ban san hannuna ya tsaya ba sai da ta ce, "Hannunki ya tsaya, Baraka." Sarewa ta ci gaba. Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Me yake yi?"

Na gaya mata. Shimfiɗar, makullin, aljihun, murmushin. Na zaci kuka za ta yi, sai ta ɗago kai daga gwiwata a fusace. "Kawu? Kawu suka mayar ɓarawo? Mutumin da ya sayar da gonarsa ya ciyar da yaran nan? Amma waɗannan Allah Ya isa tsakanina da su!" Sai da ta gama wanke masu fim tas, sannan ta mayar da kanta inda yake, ta ce, "Ƙarasa min kitson."

Ina kitso tana faɗa min. Abin ya daɗe. Daga gefe ya fara cinyewa, kamar ana matse mata ƙofa, har ya rage sai haske da inuwa. Gidan ta haddace shi, shi ya sa ba ta son a taɓa mata ko buta. Mutane kuma da takun tafiyarsu take gane su. Ado ya gane ne ranar da ya tura mata fim hoton duk ya lalace ba ta yi ƙorafi ba, ta sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Ina jin haka raina ya ɓaci, ban sani ba ko da ita ne ko da ni da na zauna katanga ɗaya ina bin sawun Ado.

"Gwaggo, asibiti fa? Ido wasa ne?"

"Wa zai kai ni? In na je da safe, kafin azahar na waje ya ji. Kin dai san maganar da na yi."

"To ai gara ki faɗa wa matan nan gaskiya. Cewa suke an saye ki. Wasu na cewa kin fara ruɗewa."

"Su ce. Ina gidana suke faɗa."

Ashe zancen ya riga ya fita daga lungu. Bahijja, matar Abdulhakeem, ita ma tana bin fim ɗin, kuma wata mai neman suna ta tura mata saƙon Gwaggo. A ranar ta kira ni tana ta kewaye-kewaye, wai ko Inna lafiya, wai ko tana mantuwa, wai ran Juma'a za su zo tare su kalli sabon kashi da ita don a ɗebe mata kewa. Na ce a raina, ɗebe kewa ko jarrabawa. Na tsallaka na gaya wa Gwaggo.

Sai ta ce, "Ke za ki zama idona."

Na yarda, kuma ba da wata-wata ba, don a ganina dillali ne ke bayan wannan ziyarar. Da kashin ya fito Ado ya kawo da wuri. Muka zauna muka bi shi tiryan-tiryan. Duk inda baki ya yi shiru sai in tsayar in gaya mata wa ya shigo, me ya sa a jiki, wa ya harari wa. Matar da ta riƙe adaka guda a ka ba ta buƙatar maimaici. Sau ɗaya na faɗa, ta ɗauke.

Ranar Juma'a suka zo bayan an sauko. Ni na riga na shigo da sunan aron turmi na zauna. Abdulhakeem ya cire takalmi, ya zauna a gefen tabarmar kaba inda ya saba, ta ɓangaren damanta. Ya gaishe ta, ta amsa tana fuskantar bango kamar kullum. A nan na gane abin da ya rufa mata asiri a wajensa duk wannan lokacin. Uwar da ba ta taɓa duban ɗanta ba, ta yaya zai san ranar da ta daina ganinsa?

Bahijja ta taɓo zancen Kawu cikin dabara. Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Gyangyaɗi ya sace ni a ƙarshen, na cike da na littafi. Wa ya san marasa tsoron Allah za su juya shi?" Bahijja ta jingina babbar wayarta a jikin kwano ta kunna.

Gwaggo ta yi abin da ya fi na 'yan wasan. "Ku dubi wannan, gidan makoki ta zo da shuɗin leshi da sarƙa har ciki!" Can kuma, "Kun ga hararar da ƙaramar marainiyar ta yi wa Kawu? Ta fara ganewa." Bahijja ta saki jiki tana ta dariya, tana cewa, "Wallahi Inna kin fi mu lura." Abdulhakeem kuwa ba ma fim ɗin yake kallo ba.

Kashi ya ƙare, waƙar rufewa ta tashi da ƙarfi. A cikin wannan ƙarar ya miƙe, ƙafa ba takalmi, ya je bakin ɗakin girki yana duba inda damina ta ci gindin katanga. Na bi shi da harara, na ce ga awo an fara. Waƙa ta mutu. Gwaggo, da ta ji ta ci jarrabawa, ta zaro wani ƙullin alewar madara daga ƙarƙashin filo, ta miƙa hannu ta ɓangaren dama ba tare da ta juya ba.

"Ungo, ka kai wa yara."

Ba kowa a wurin. Hannunta na miƙe a kan tabarma, ƙullin na lilo. Bahijja ta toshe baki. Na buɗe nawa in yi wata dabara, ya ɗaga min hannu. Na ga fuskarsa, kuma ban ga dillali a cikinta ba. Ya tako a hankali kamar mai tsoron tayar da jariri, ya zo daidai inda hannunta yake, ya zauna, ya sa hannu biyu zai karɓa.

Tabarmar kaba ba ta iya rufa asiri. Ta yi ƙara.

Gwaggo ba ta saki ƙullin ba. Ta ce, "Na ji zamanka. Ashe ka tashi."

"Inna, katanga na je dubawa. Tana son gyara kafin ruwa ya sauka."

Sai ta yi abin da ban taɓa gani ba tun da na zo lungun. Ta juyo da fuskarta gaba ɗaya wajensa. Idanun suka yi ta nema, suka sauka a kan kafaɗarsa. Ta ce, "Tun da na haife ka kunya ta hana ni in dube ka. Yau da na so in duba, babu abin dubawar." Ta saki ƙullin a hannunsa. "Ka zo da mota ran Lahadi."

Babban mutum da gemu ya fashe da kuka. Ya ce ta zauna, zai samo mai zama da ita, zai gyara katangar, ba wanda zai ji. Ni ma na sa baki na ce ga ni katanga ɗaya, me za ta nema ta rasa. Ta girgiza kai.

"Magana na yi a gaban mutane aka shafa fatiha. Na ɓoye iya ɓoyewata, Allah Ya tona. In na janye ta yanzu, da wane baki zan sake cewa a kalla ko a bari?"

Ranar Lahadi motar ba ta iya shiga lungu ba, a bakin titi ta tsaya. Gwaggo ta ƙi a riƙe ta. Ta fito tana shafa katangu da hannun hagu, gida bayan gida, tana kiran sunan matar kowane gida tana sallama. Waɗanda suka ce an saye ta su suka fi kowa kuka, ni kuwa na tsaya ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya don su san na riƙe. Ado ne ya ɗauko adakar a ka. Tunkiyar ta bar min.

Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma da an zo da wuri da an tsare abin da ya rage. Wannan maganar har yau ba ta bar ni ba. Abdulhakeem ya gyara katangar, ya sa kwaɗo a ƙofa, bai sayar ba, bai ba da haya ba. Ina dai sa ido.

Saƙon Asabar bai tsaya ba. Yanzu takan fara da cewa, "Ni kunne ce, masu ido ku ƙarasa," sannan ta faɗi na kallo da na bari, kuma har yanzu ba ta yafe wa masu Makullin Soro ba. Mata na saurare, ana bin maganarta kamar da. Ni ce dai nake kai wayar kunnena in yi ta neman abin da ke bayan muryar. Babu injin markaɗe, babu jarka, babu kowa. Sai ƙarar fanka.